Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta littafin abacada mai waƙa da hotuna na yara

Jama'a wannan ƙaramin littafin na abacada da ake yi wa yara, mai harafi ɗaya a shafi da hoto da 'yar waƙa layi biyu, mutane suna raina shi ne kawai, suna ganin ai a zama ɗaya za a gama. Wallahi ba haka bane. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu bai iya karatu ba, karanta masa ake yi, shi da kunne yake kama abin sannan ido ya bi hoto, saboda haka duk abinda bai zauna a kunne ba to bai zauna ba ko da ya yi kyau a takarda. Yawancin kurakuran da nake gani daga nan suke tasowa, marubucin ya rubuta da ido bai taɓa buɗe baki ya karanta da ƙarfi ba.

Na farko kuma wanda yafi ci min rai shi ne ɗauko tsarin littafin Turanci a juye shi kai tsaye. Turanci haruffa 26 gare shi, kuma ba namu bane sak. A can sunan zaki da L yake farawa, in ka fassara ka bar hoton a shafin L ka koya wa yaro ƙarya tun ranar farko. Sannan zaka ga an bar shafin P da Q da V da X ana ta faman neman kalmar da za a cusa, alhali asalin abacadar Hausa babu su, su kuma ɓ da ɗ da ƙ da 'y da sh da ts waɗanda yaron ke furtawa kullum an watsar da su. Gyaran ba wuya, ka ajiye na Turancin gefe ka fara da jerin namu, in ka lissafa wasula biyar da sauran baƙaƙen har da sh da ts da 'y zaka samu 28. Kowanne ya samu shafinsa. Ɓera na shafin Ɓ ne ba na B ba, ƙuda na Ƙ ne, kuma in littafin zai je hannun masu karatu a Nijar ka san cewa can ƴ mai lanƙwasa ake rubutawa a inda Najeriya ke rubuta 'y, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ƙarshe.

Akwai kuma ɗan uwan wannan kuskuren wanda ko waɗanda suka yi da Hausa zalla suna faɗawa ciki. Sai kaga tsuntsu a shafin T, ko shaho a shafin S, ko kyanwa da kwaɗo a shafin K. A ido dai eh da wannan harafin suka fara, amma ka furta kaji, sautin farkon tsuntsu daban yake da na tunkiya, kwa ɗin kwaɗo ba ka ɗin kare bane. Yaron da ake so ya haɗa siffar harafi da sautinsa sai ya rikice, kuma ba zai iya faɗa maka abinda ya rikita shi ba, kawai zaka ga ya daina bi. A ba K kare ko kaza, a ba T takalmi, a ba G giwa. Su kw da ky da gw da gy a bar su sai littafi na gaba.

Wasula kuma sai an yi haƙuri. A da I da U da sauƙi, ga akuya ga ido ga ungulu, amma E da O kalmomin da suka fara da su kaɗan ne a Hausa kuma yawanci aro ne irin su ofis. Ni a ganina gara a yi wasa da sautin kansa, a zana yaro ya buɗe baki yana kiran wani daga nesa, ko a nuna wasalin a ƙarshen kalma kamar o ɗin zomo a yi masa kala daban, da a ɗauko wata kalmar da babu yaron da ya taɓa ji. Kuma tun kafin ka rubuta layi ɗaya ka yanke shawara yadda za a kira haruffan, a, ba, ca, da ne ko kuwa sunayensu na Turanci, dan in mai karantawa ya ce si a inda kai ka auna waƙar da ca, karin ya karye, ga shi kuma sunan E a Turanci shi ne sautin I namu, rikici kan rikici. Layi ɗaya a farkon littafin da zai gaya wa iyaye yadda za su furta ya wadatar.

Toh sai maganar waƙar kanta, nan ne zan ɗan daɗe. Hausa kusan duk kalmominta da wasali suke ƙarewa, kuma da yawan gaske da a suke ƙarewa, shi yasa amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, yake zuwa da arha har ya zama tarko. Mutum sai ya rubuta

Doki yana gudu a hanya
Dabba ce mai kyau ga kowa

ya ce ai ya yi waƙa tunda duka da a suka ƙare. Kunnen yaro ba zai ji komai a nan ba. Amsa-amon da yaro ke kamawa shi ne wanda gaɓar ƙarshe gaba ɗaya ta dawo, baƙi da wasali, in so samu ne ma gaɓa biyu. Ji wannan

Biri ya hau kan bishiya
Yana lilo da wutsiya

ko kuma

Giwa ta zo shan ruwa
Ta girgiza manyan kunnuwa

Kaga nan in ka karanta sau biyu, a na uku kana cewa yana lilo da, ka yi shiru, yaron da kansa zai ƙarasa maka wutsiya yana dariya, kuma wannan ƙarasawar ita ce duk amfanin sa waƙa a littafin. Ka lura kuma harafin shafin ya sake fitowa a ciki, biri da bishiya, giwa da girgiza, ba tare da an matsa ba. Wasu kuma suna wuce gona da iri su ce dole kowace kalma ta fara da harafin, sai layin ya koma karya-harshe wanda babba ma sai ya yi tuntuɓe. Sau biyu ko uku ya isa.

Wani abin da amsa-amo ke jawowa shi ne murɗe jimla. Dan kawai a samu ƙarshen ya dace sai a rubuta giwa babba ce ita, ko a jawo wata tsohuwar kalma daga ƙamus wadda uwar yaron ma sai ta tambaya. Yaro yana koyon magana ne daga abinda ake karanta masa, in ka ba shi karkatacciyar jimla haka zai haddace ta. In layi ya ƙi zama sai an murɗe shi, ka canja abinda dabbar ke yi gaba ɗaya, kar ka tsaya kana lallaɓa kalma ɗaya.

Sannan kari. Waƙar Hausa ba ƙidayar gaɓoɓi kaɗai bace, akwai gaɓa mai nauyi da marar nauyi, dogon wasali da gajere, ga karin sauti na hawa da sauka, kuma rubutun boko na yau da kullum baya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Shi yasa layi biyu za su yi tsawo ɗaya a takarda amma a baki ɗaya ya yi ɗingishi. Maganin shi ne tafi, ka karanta kana tafawa, sannan ka miƙa wa wani wanda bai taɓa gani ba ya karanta maka ba tare da ka rera masa ba tukuna. Duk inda ya tsaya ko ya koma baya, laifin layin ne ba nasa ba, ka gyara.

Abu ɗaya kuma da nake roƙon marubuta, ku bar littafin ya zama wasa. Ba kowane shafi ne sai an yi nasiha ba. Da yawa sai kaga an fara da dabba an ƙare da yaro nagari yana jin magana, shafi bayan shafi, har yaron ya gaji ya sauka daga cinya. Ƙuda ya sauka a ƙofa yana ta goge ƙafa, wannan ya ishi shafin Ƙ, yaro zai kwaikwayi ƙudan da hannunsa kuma gobe shi zai ɗauko littafin da kansa.

Hoto shi ma yana da nasa. Babban kuskure shi ne zana abinda yake da suna fiye da ɗaya. Ka sa mage a shafin M, yaron ya nuna ya ce kyanwa, kuma bai yi kuskure ba. Ka sa tunkiya ya ce rago. Kafin a kai ga bugawa a nuna wa yara hotunan ba rubutu a tambaye su menene wannan, abinda bakinsu ya fara faɗa shi ne sunan hoton, in bai dace da harafin ba a canja. Kuma kar a cika shafin da tarkace, ga bishiyoyi ga gajimare ga mutane har ba a san wanne ake nufi ba, abu ɗaya babba a tsakiya, in za a ƙara wasu ƙanana to su ma su fara da wannan harafin yaro ya yi ta nemansu. Abinda waƙar ta ce kuma shi hoton zai nuna, in an ce biri yana lilo da wutsiya kar a zana shi a zaune.

Shi kansa harafin a bar shi a fili yadda yake. Masu zane suna son su mayar da S maciji su yi wa B idanu da ƙafafu, yana da kyau a ido amma yaron bai san asalin siffar ba tukuna balle ya gane ta cikin kwalliya. A sa babban baƙi da ƙarami gefe da gefe, a wuri ɗaya a kowane shafi. Dama yara suna juya b da d, mu kuma ga ɓ da ɗ sun ƙaru, dan haka lanƙwasar ta fito sosai. A kwamfuta ba kowane salon rubutu ne yake da haruffa masu lanƙwasa ba, sai kaga ƙ ta fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma ko ta koma ɗan akwati. Akwai salon Andika da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta yi musamman dan masu koyon karatu, kyauta ne, yana da su duka, kuma a ɗinsa irin wadda ake rubutawa da hannu ce.

Lissafin shafi ma a yi shi tun farko. Littafin hotuna na yara galibi shafi 32 ne saboda yadda ake naɗe manyan takardu wajen bugawa, takwas takwas ko sha shida, to haruffa 28 sun ci 28 kenan, saura huɗu na suna da bayanin bugu da shafin da za a jera haruffan duka a ƙarshe. In kana so kowane harafi ya ci shafi biyu to ka san littafin ya ninka, kar sai an zo ƙarshe a matse W da Y da 'Y da Z a shafi ɗaya. In kuma na 'yan shekara biyu ne, a buga a kwali mai kauri a kuma zagaye kusurwoyin, dan a baki za su sa shi.