Yadda za ka auna bashin da ke kan kulob ɗin da kake goyon baya

A gidajen kallon ƙwallo na Garwa da Marwa, da zarar an ambaci bashin wani kulob na Turai sai gardama ta koma kan yawan kuɗin, alhali kuwa yawan shi kaɗai ba ya gaya maka ko kulob yana cikin haɗari. Abin da ya kamata ka bincika shi ne wanda ya ci bashin, abin da aka yi da shi, da kuma aljihun da ake biyansa daga ciki.

Ka fara da wanda ya ci bashin, domin nan ne aka fi zaluntar magoya baya. A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi Manchester United a kan kusan fam miliyan 790, mafi yawansa rance ne, kuma bayan ciniki ya faɗa sai aka ɗora babban kason rancen a wuyan kulob ɗin, wanda kafin zuwansu kusan babu bashi a kansa. Tun daga lokacin, kuɗin tikiti da na riguna da na talabijin suke biyan kuɗin ruwan bashin da aka sayi kulob ɗin da shi, ba tare da bashin ya gina filin wasa ko ya kawo ɗan wasa ba. Shi ya sa wasu magoya baya suka ɓalle a shekarar suka kafa FC United of Manchester, kuma a watan Mayu na 2021 masu zanga-zanga suka kutsa Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. A ganina fushinsu yana kan hanya, domin mutum ya sayi abu da kuɗin abin da ya saya ba adalci ba ne.

Sannan ka duba inda kuɗin ya shiga. Arsenal ta ci bashi ta gina filin da ta koma a 2006, Tottenham ma haka a 2019, kuma irin wannan bashi kamar na manomin auduga ne da ya karɓi iri da taki zai biya bayan girbi, domin filin yana kawo kuɗi kowane mako. Bashin biyan albashi dabam ne. A watan Agusta na 2021 shugaban Barcelona, Joan Laporta, ya ce bashin kulob ɗin ya kai yuro biliyan 1.35, wato kimanin sefa biliyan 885, a watan da Messi ya tafi saboda ba a iya yi masa rajista ba. A 2022 kuma kulob ɗin ya sayar da kashi 25 cikin 100 na kuɗin talabijin da yake samu daga gasar Spain har na shekara 25. Don haka ka kwatanta albashi da kuɗin shiga. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta sa iyakar kashi 70 cikin 100 na kuɗin shiga ga abin da ake kashewa kan 'yan wasa, kuma kulob ɗin da ya wuce nan yana cin abincin gobe ne.

Ba sai ka dogara da jita-jitar Facebook ba. Kulob-kulob na Ingila suna ajiye lissafinsu a Companies House, ofishin rajistar kamfanoni na Birtaniya, kowa yana iya karantawa kyauta ta intanet, kuma ga masu jin Faransanci, hukumar DNCG, mai sa ido kan kuɗin kulob-kulob na Faransa, tana fitar da rahoton kuɗinsu kowace shekara. Ita ce ta sauke Bordeaux, mai kofin gasar ƙasar har shida, a 2024 saboda matsalar kuɗi, har ya tsinci kansa a rukuni na huɗu.

Tambaya ta ƙarshe ita ta fi shafar mu a nan gida: wa ke bin kulob ɗin bashi? Roman Abramovich, tsohon mai kulob ɗin Chelsea, ya ranta wa kulob ɗin kusan fam biliyan 1.5, kuma a 2022 ya ce ba zai nemi a biya shi ba, amma ba kowane mai kuɗi ne ke yafewa ba. Coton Sport ta Garwa, wadda aka kafa a 1986 kuma ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, tana da kamfanin auduga na SODECOTON a bayanta, yayin da yawancin ƙananan kulob-kulob ɗinmu suke rataye a aljihun mutum ɗaya. Idan kana goyon bayan irin wannan, ka yanki katin zama mamba, ka halarci babban taro, ka tambaya cikin ladabi ko kuɗin da shugaba yake zubawa kyauta ne ko rance, ka nemi a rubuta amsar a gaban shaidu. Ka kuma tambayi 'yan wasa ko ana bin kulob albashin watannin baya, domin da su ake fara cin bashi tun kafin labari ya fito waje.