Kafin ka sayi laftop, duba RAM tukuna

Jama'a, kada kyan jikin kwamfuta ya ruɗe ku. Ku fara tambayar RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, wanda ake auna girmansa da GB.

Idan aikinka rubutu ne a Word, shiga intanet da kallon YouTube, 8GB ya ishe ka. Amma in kana zane a CorelDraw ko Photoshop, ko haɗa bidiyon biki, nemi 16GB. Ita 4GB kam ka barta, Windows 11 kaɗai za ta kusa cinye ta.

RAM tamkar teburin aiki ce. In ya yi ƙanƙanta, sai kwamfuta ta riƙa ajiye kaya a kan hard disk, wato ma'ajiyar fayilolinta, nan take ta fara ja.

Dabarar da ta cece ni: na sayi mai 8GB ta hannu, daga baya na ƙara mata wata RAM ɗin. A shagon ma, danna Ctrl+Shift+Esc, shiga Performance, sannan Memory, za ka ga ramukan saka RAM da ke ciki da nawa aka cike. In akwai wanda babu komai, alhamdulillahi.

Sai dai MacBook da yawancin siraran laftop na yanzu, RAM ɗinsu a manne take, ba ta ƙaruwa. Waɗannan sai ka sayi mai isasshiya tun farko.