Kafin ka sayi Alfa Romeo GTV ta hannu: abubuwan da za ka duba

Duk wanda ya tsaya gaban Alfa Romeo GTV, ya ga fitilun nan huɗu 'yan ƙanana suna leƙowa ta ramukan bonet, ya bi tsagin da ya taso daga gaba ya haura har baya kamar an ja shi da wuƙa, da wuya zuciyarsa ba ta karkata ba. Enrico Fumia ne ya zana ta a kamfanin Pininfarina. An fara sayar da ita a 1995, ana haɗa ta a masana'antar Alfa da ke Arese kusa da Milan, sannan a 2000 aikin ya koma hannun Pininfarina har aka daina ƙera ta. Ke nan ko autar cikinsu ta ba shekara 20 baya. Motar da ta kai wannan shekaru, kulawar da ta samu ita ce darajarta. Wadda aka riƙe da kyau za ta yi maka hidima cikin daɗi. Wadda aka yi sakaci da ita kuwa, ko kyauta aka ba ka, kuɗin gyaranta zai iya ninka kuɗin sayen mai lafiya.

Fara da sanin wane inji kake nema, domin kowanne da halinsa. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne Twin Spark mai lita 2, silinda 4, ƙarfin doki 150 zuwa 155. Sunansa ya samo asali ne daga fulogi biyu da ke kan kowace silinda, ke nan fulogi 8 za ka saya ranar sabis. Sai V6 da ake kira Busso, da sunan injiniyan da ya ƙirƙiro shi, Giuseppe Busso: mai lita 3 yana ba da doki 220, mai lita 3.2 da ya zo a 2003 yana ba da 240. A Italiya za ka yi ta cin karo da wani V6 mai lita 2 da turbo, doki 200, wanda aka yi saboda harajin ƙasar a wancan zamani yana tsananta wa injin da ya wuce lita 2. Na ƙarshe shi ne JTS na 2003, wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda.

A ganinmu, mai sayen farko ya nemi Twin Spark na 1998 zuwa sama. Gabansa ba nauyi, yana shan kwana da sauƙi, kuma kayan injinsa iri ɗaya ne da na Alfa 156 da 147, don haka ba a shan wahalar samunsu. V6 ya fi daɗin kuka da ƙarfi nesa ba kusa ba, amma komai nasa ya fi tsada. JTS kuwa yana tara baƙin dauɗa a bawul ɗin shigar iska, kamshaf ɗinsa yana cinyewa in an yi wasa da baƙin mai, kuma ba ya jure fetur marar kyau.

Tambayar farko da za ka yi wa mai motar, tun a waya kafin ka ɓata kuɗin mota, ita ce: yaushe aka canza taimin bel, kuma ina rasit? Shi ne bel ɗin roba mai haƙora da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Da farko Alfa ta ce a canza shi bayan kilomita 120,000, amma da bel ya yi ta tsinkewa kafin lokacin sai ta rage wa Twin Spark zuwa kilomita 60,000 ko shekara 3, duk wanda ya riga zuwa. Shekarun ma suna da muhimmanci kamar kilomitar, domin roba tana bushewa ko mota tana ajiye. Sau da yawa ma ba bel ɗin ne ke fara mutuwa ba, 'yar fulin roba da ke ɗaure shi ce take tsagewa, bel ya tsallake haƙori. Da hakan ta faru fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne dukan yana sauka har ƙasa, ya taɓa metal ɗin kan kiranshaf. Sai a gyara saman inji a ce an gama, bayan 'yan watanni ƙasa ya fara nokin. Saboda haka in ka ga rasit ɗin gyaran bawul, nemi shaidar cewa an canza metal a lokacin. In babu, ka ɗauka aiki yana jiranka.

Injin lita 2 mai silinda 4 yana da bel na biyu, ɗan siriri, mai juya sandunan da ke rage girgiza. Tare ake canza su, domin in ƙaramin ya tsinke yana iya faɗawa cikin babban. Aikin kuma yana buƙatar ƙarafa na musamman da ake kulle kamshaf da su, tunda fulin kamshaf ɗin ba shi da alamar saiti. Bakaniken da ya ce zai sa alama da fenti ya wuce, ba na wannan motar ba ne. A V6 kada bel ya wuce shekara 4 zuwa 5, kuma a canza famfon ruwa tare da shi. Famfon asali fiffikensa na roba ne, yana tsagewa ya riƙa juyawa a banza a kan sandarsa, mota ta yi ta zafi a babban titi alhali lagireto cike yake. A sa mai fiffiken ƙarfe.

Ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso. Da zuwanka ɗaga bonet ka ɗora tafin hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an kunna, kuma sautin da ka zo ji ya ɓuya. Kafin a murɗa makulli, zaro sandar auna baƙin mai. Twin Spark yana shan mai ko da lafiyarsa ƙalau, wanda ya tsufa yana iya shanye lita 1 a kilomita 1,000, kuma ba ya yafe wa wanda ya bar shi da ƙishirwa. In ka tarar mai yana ƙasa da alamar ƙasa a ranar da mutum ya san mai saye zai zo, to ka san yadda ya riƙe ta sauran ranaku. Tambaye shi wane mai yake zubawa. Mai kula zai ce maka 10W-40 ba tare da ya yi tunani ba, mai JTS kuma 10W-60, wataƙila ma ka ga galan a but.

Yanzu a tayar, kai kana tsaye a gaba. In ka ji kwaram-kwaram kamar injin dizal na daƙiƙa biyu ko uku sannan ya lafa, wata na'ura ce a bakin kamshaf mai sauya lokacin buɗewar bawul ta fara gajiya. Ba ta kashe inji, ana canza ta ranar da ake canza bel, sai dai ka sa kuɗinta cikin ciniki. Wanda zai sa ka juya ka tafi shi ne bugu mai nauyi daga ƙasan inji, wanda ke ƙara fitowa in an ɗan taka totur zuwa juyi 3,000 aka saki. Zagaya baya ka kalli salansa: shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga silinda. In kana da hali a auna matsin kowace silinda, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

A kan hanya ka sa ido a allurar zafi. Ya kamata ta hau kusa da 90 ta zauna. In ta tsaya wajen 70 tana sauka duk lokacin da ka ƙara gudu, tamostat ya maƙale a buɗe, gyara ne mai sauƙi amma yana sa shan fetur. Bayan tafiyar ka bar ta tana aiki a tsaye har fanka ta tashi. Fankar tana da gudu biyu, kuma abin da ke ba da ƙaramin gudun yana yawan ƙonewa, sai ka ga ba ta tashi sai allura ta kusa ja. A giya ta 3 ka taka totur har ƙasa tun daga juyi 2,000: ya kamata ta ja ba tangarɗa har sama. In ta yi sanyi a tsakiya ko ta ƙi haurawa, yawanci na'urar auna iska ce ta Bosch da ke bayan matatar iska. A sayi ta asali, ta bogi ba ta jimawa.

Ƙafar baya ita ce wurin da ya kamata ka fi daɗewa. Ita ta bambanta GTV da sauran motocin da aka gina a kan tushen Fiat Tipo, har da 'yar uwarta Fiat Coupé: hannuwa ne da yawa a ɗaure jikin firam na alminiyam, an tsara su yadda tayar baya za ta ɗan taimaka wajen shan kwana. Daɗin tuƙin daga nan yake, cin kuɗin ma daga nan. Bushin da ke hannun ƙasa, wanda sifirin ke zaune a kansa, yana cinyewa. In an ƙyale, ƙarfe zai fara goga alminiyam har ramin ƙusa ya buɗe, daga nan kuma sai dai a nemo wani firam ɗin. Durƙusa ka shafa cikin tayar baya da hannu. Sau da yawa za ka ga waje da sauran zane, ciki kuwa ya zama sumul har waya ta fito. A tuƙi kuma za ka ji bayan motar yana ɗan kaucewa gefe in ta taka rami ko in ka saki totur a kwana. A ɗaga ta, a sa ƙarfe a banƙara kowane hannu a ga ko yana wasa. Da yawa suna maye bushin da na roba mai tauri irin na Powerflex, kuma in an yi da kyau alama ce ta mai kula. Bayan kowane irin wannan aiki dole a saita ƙafafu huɗu duka.

A gaba, hannuwan ƙasa ne ke ƙwanƙwasa a kan gargada, su ma suna cin taya ta ciki.

Tunda mota tana sama, duba tsatsa. An yi wa jikin GTV rufin da ke hana tsatsa tun daga masana'anta, shi ya sa ta fi tsofaffin Alfa jurewa, amma wadda ta yi shekaru a inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, kamar Jamus da Ingila, ba ta tsira ba. Duba ƙasan daɓe, wuraren da ake kafa jak, dogarin ƙofa, bakin tayoyin baya, da ƙarfen da lagireto ke zaune a kai. Ƙasan lagireton kansa yana ruɓewa ya riƙa zuba kamar garin burodi in ka taɓa. A V6 ka bi bututun ƙarfe biyu da ke kai baƙin mai wurin sanyaya shi a gaba: in sun yi tsatsa suka fashe ana gudu, mai zai tsiyaye cikin ɗan lokaci. Haka kuma difarenshal na V6 yana da rauni, haƙoransa kan karye su fasa kaskon giyabos. In rasit ya nuna an maye shi da mai ƙwari irin na Q2 ko Quaife, ƙarin daraja ne na gaske. Bonet kuwa ba ƙarfe ba ne, mayen ƙarfe ba ya kama shi, kuma mai gyaran jiki ba zai iya buge shi ya miƙe ba. Duba gefunansa ko akwai tsaga, ka kuma ga ko tazararsa da ƙofofi daidai take hagu da dama, domin nan hatsarin gaba yake tona kansa.

Maganar makulli ba ƙarama ba ce. Motocin farko suna zuwa da wani babban makulli mai ruwan ƙasa, wanda da shi ake koya wa kwamfutar mota sabon makulli. Na baya suna da kati mai lambar sirri. In makulli ɗaya tal aka miƙo maka, ka rage kuɗi, domin ranar da ya ɓace sai an taɓa kwamfutar. Da ka murɗa makulli, tabbatar fitilun gargaɗi duka sun kama sannan sun mutu, musamman ta jakar iska, wadda sau da yawa wayar ƙarƙashin kujera ce ke kunna ta. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ƙwan aka yi. Gilasan ƙofa ba su da firam, don haka ɗaga kafet ka taɓa ko akwai danshi. Batir yana cikin but. But ɗin ma ɗan ƙarami ne, tayar safaya ta cinye rabinsa, kujerun baya kuma sai yara.

Takardu sun danganta da ƙasar da kake. A Italiya ka nemi bayanin motar daga rajistar motoci ta PRA da lambarta, don ka ga ko akwai bashi ko umarnin hukuma da ya hana ta hawa titi. A Ingila tarihin gwajin lafiyar mota na MOT yana intanet kyauta, da kilomitar kowace shekara, nan za ka gane in an mayar da mita baya. A Jamus nemi takardun gwajin da ake yi duk shekara 2. In a Landan kake zaune, ka tuna mota mai fetur da ba ta kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 4 ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta fita cikin yankin ULEZ, inda ake cajin motoci masu yawan hayaƙi.

Mai niyyar kawo ta gida Nijeriya ko Nijar ya nemi mai sitiyari a hagu, wato ta Italiya, Jamus ko Beljiyam, ya bar ta Ingila. Ya kuma fara zuwa wurin kwastan ya ji dokar shekarun motar da ake bari ta shigo, tun kafin ya biya ko sisi. Motar tana da ƙasa sosai, kaskon mai na alminiyam ne, tudun rage gudu ɗaya zai iya fasa shi, don haka farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji ya zama dole. Zafi da ƙura suna gajarta ran bel da bushin, sai a riƙa canzawa kafin wa'adi. Ya haɗo kayan gyara cikin motar tun daga can: saitin bel biyu da fulinsu, famfon ruwa, tamostat, fulogi, na'urar auna iska, bushin baya, da ƙarafan kulle kamshaf, tunda ba kowane gareji ke da su ba.

Wajen ciniki, rubuta duk abin da ka gani a takarda, ka kira bakaniken da ya san Alfa ya faɗa maka kuɗin kowanne, ka cire daga farashin da aka sa. In babu rasit ɗin bel, komai rantsuwar mai motar, lissafa shi a matsayin ba a yi ba. In kun daidaita, kada ka tuƙa ta tafiya mai nisa ranar. A ɗora ta a motar ɗaukar mota zuwa gareji, a canza bel biyun da famfon ruwa da baƙin mai da man birki, a rubuta kwanan wata da kilomita a jikin murfin bel.