Babi na 6: Ciwon suga lokacin juna biyu

Darasi na ɗaya: me nas take nufi

'Yar uwa, idan kin je awo aka ce miki sugarki ya hau, kar ki tada hankalinki. Ba laifinki bane, kuma ba wai don kin sha rake jiya ba. Mabiyiya ce take fitar da wasu sinadarai da suke hana jiki sarrafa suga yadda ya saba, sai ya taru a jini, jaririn ma yana samu ta cibiya. Yawanci ana gwajin ne tsakanin sati 24 zuwa 28 na ciki, wato wajen wata shida zuwa bakwai. Za a ce ki zo da safe baki ci komai ba tun dare, awa 8 ko fiye, ruwa zalla kawai aka yarda ki sha. Za a ɗebi jini, a baki ruwan suga mai zaƙi sosai ki shanye, sai ki zauna a sake ɗiba bayan awa ɗaya da kuma bayan awa biyu. Ki zauna ɗin fa, kar ki ce bari in leƙa kasuwa in dawo. Mata da yawa basa jin komai a jikinsu alhali sugan ya hau, shi yasa "ai lafiyata ƙalau" ba hujja bace.

Darasi na biyu: gwaji a gida da rubuta lamba

Nan ne aikin yake, ki nutsu. Kayan gwaji guda uku ne: ƙaramar na'ura mai fuska kamar ta waya, ɗan tsinken da ake sakawa a bakinta wanda a kemis suke cewa sitirip, sai ƙaramar allurar tsira yatsa. Ki ƙara da littafi da biro, su ma kayan gwaji ne.

Ki wanke hannu da sabulu ki goge ya bushe, domin in kin taɓa dabino ko mangwaro zaƙin da ya maƙale a yatsa zai sa lamba ta hau na ƙarya. Ki saka tsinken a na'ura, zata kunna kanta. Ki tsira gefen yatsa, ba tsakiya ba, gefe yafi sauƙin zafi. Ɗigon jini ɗaya ya isa, ki taɓa shi da bakin tsinken, ki jira kaɗan lamba zata fito.

To yanzu ki rubuta lambar. Daga hagu zuwa dama ake kwafa. Hagu shine hannun da bakya cin abinci dashi. Lambar dake ɓangaren wannan hannun ita zaki fara rubutawa, sannan ta kusa da ita, sannan ta ƙarshe.

Na san dalilin da yasa wannan yake baku wuya. Yawancinmu da allo muka fara, hannu ya saba farawa daga dama, kuma wannan ba abin kunya bane. Amma lambar na'ura daga hagu take farawa. Akwai wata ɗalibata a ajin yamma, na'urarta ta nuna 95 ita kuma ta rubuta 59, sati guda tana haka, da ta kai littafin awo nas ta tsorata tana zaton suga yana faɗuwa, saura kaɗan a canja mata magani akan lambar da ba ita ba. Data dawo aji muka zauna tare na kama yatsanta na ɗora akan fuskar na'urar, tara, sannan biyar, tana faɗa da baki tana rubutawa, har ta yi sau goma. Yanzu ita take koyawa maƙwabciyarta.

Ke ma haka zaki yi. Ɗora yatsa akan lambar hagu. Faɗi sunanta da ƙarfi. Rubuta ta. Matsar da yatsa zuwa ta gaba. Faɗa, rubuta. Idan kin gama ki kalli na'ura ki kalli littafi, sun yi kama? In basu yi kama ba ki ja layi ki sake, kar ki goge da yawu har takarda ta yage.

Gwada waɗannan a littafinki yanzu, kafin ki juya shafi:
95
120
102
140

Dubi 120 da 102. Lambobi iri ɗaya ne a ciki amma sifilin ya canja waje, kuma tsakaninsu akwai bambancin 18. Sake kwafa su, daga hagu. Madalla. Sake yi sau ɗaya kuma.

A gefen kowace lamba ki rubuta lokaci. Da safe kafin ki ci komai, ki zana rana ƙarama in rubutun yana miki nauyi. Bayan abinci ki zana kwano. Awa biyun da ake cewa ki jira bayan abinci kafin ki gwada, daga lomar farko ake fara ƙirgawa, ba daga wanke hannu bayan an gama ba. Ki ce yaro ya saita miki ƙararrawa a waya.

Abinda ake so yawanci: da safe ƙasa da 95, awa biyu bayan abinci ƙasa da 120. Wasu asibitocin awa ɗaya suke cewa, to a nan ƙasa da 140 ne. Wasu na'urorin kuma ƙananan lambobi masu ɗigo suke nunawa kamar 5.3, in taki irin wannan ce ki kai wa nas ta nuna miki naki ma'aunin, ɗigon ma ki kwafa shi a inda yake.

Zan faɗi wata magana kuma dan Allah kar ku ji haushi. Na gaji da ganin littafin da aka cika shi ranar awo a bakin get ɗin asibiti, biro ɗaya, rubutu ɗaya, duk lambobin 90, 90, 90. Wa kike ruɗa? Likita da wannan littafin yake yanke shawara akan cikinki. Lambar da ta hau ki rubuta ta a yadda take, ba wanda zai dake ki. Ranar da baki gwada ba ki bar wajen fili. Kuma ki rubuta a take, na'ura tana hannunki, kar ki ce zan tuna anjima in na sauke tukunya, ba zaki tuna ba. Daga hagu zuwa dama, kin ji ko.

Darasi na uku: abinci

Ba a ce ki zauna da yunwa ba, mai ciki bata horon yunwa. Tuwo, shinkafa, taliya, doya, burodi, duk suna komawa suga a jiki, sai a rage su. Malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunki, miya kuma da yawa, kuka, kuɓewa, alayyahu, kwaɗon zogale ko rama ba tare da suga a ƙulin ba. Wake, ƙwai, kifi, nama, gyaɗa, nono mara suga, waɗannan suna riƙe ciki. Ki ci kaɗan kaɗan sau uku, da ɗan abin taɓawa a tsakani, yafi ki cika kwano sau ɗaya. Koko da safe yana saurin hawar da suga ko ba a saka masa komai ba, ki rage kofin ki haɗa da ƙosai ko dafaffen ƙwai, sai ki gwada bayan awa biyu ki gani da idonki. Lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi, rake, ki ajiye su. Zuma ma suga ce, kar wani ya ce miki ita magani ce ga wannan. Bayan cin abinci ki zagaya tsakar gida minti 10 zuwa 15. Maganar azumi kuwa ki tambayi likita tukuna, shari'a ta baiwa mai ciki uzuri.

Darasi na huɗu: magani

Idan abinci bai sauke lamba ba za a baki ƙwayar metformin ko allurar insulin. Insulin baya cutar da jariri. Kar ki bar shi a rana ko kusa da murhu, in babu firij ki tambayi nas yadda zaki ajiye shi kusa da randa. In kika ji rawar jiki, gumi, jiri, ki gwada. Ƙasa da 70 ya faɗi da yawa, ki sha suga cokalin shayi uku a ruwa, ki sake gwadawa bayan minti 15. Kar ki haɗa maganin asibiti da jiƙe-jiƙe.

Darasi na biyar: haihuwa

A asibiti zaki haihu, ki faɗawa maigida tun yanzu a tanadi kuɗin mota da wanda zai raka ki. Suga yana sa jariri ya yi girma har ya wuce kilo 4, kafaɗa ta maƙale, ungozoma a gida ba abinda zata iya. Likita zai iya saka ruwan naƙuda kafin lokaci ya wuce, ko yace aiki. In motsin jariri ya ragu ki tafi asibiti ranar. Da an haihu a bashi nono cikin awa ɗaya, dakashin ma, domin nasa sugan yana iya faɗuwa.

Darasi na shida: bayan arba'in

Ki koma a sake gwada ki, sannan duk shekara. Ki tafi da littafinki.