Yadda ake gane kamfanin da ya ƙera wuƙar aljihu ta kwangila

Kwanaki wani ƙanina, sabon shiga harkar tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu na Amurka, ya turo mini hoton wata mai baki uku da aka buga Craftsman a gindin ruwanta. Tambayarsa ita ce a wane gari masana'antar Craftsman take. Na ce masa ai babu ita. A wancan zamani Craftsman suna ne na kantin Sears na Amurka, su kuwa Sears kwangila suke ba masana'antun wuƙa, yau Camillus ta ƙera musu, gobe Schrade ko Ulster ko Imperial, a buga musu sunansu su sa a kanta. Haka sunan John Primble na dillalan Belknap da a da suke garin Louisville. Sunan da ke jikin wuƙar na mai sayarwa ne, mu kuma maƙerin muke nema.

Ba zan tsaya bayanin mene ne wuƙa mai naɗewa ba. Ka dai ajiye sanfefa da man goge ƙarfe can nesa tukuna. Mutum zai sayo tsohuwar wuƙa, kafin ya tambayi kowa ya dirje ta sai sheƙi take, ya shafe rabin shaidar da hannunsa. Ɗigon man keken ɗinki da tsumma mai laushi sun isa.

Mataki na farko, karanta tambarin da ke gindin kowane baki, gaba da baya, har da ƙananan bakunan. Abin da zai ba ka shi ne ƙasa da zamani. Tun dokar harajin McKinley ta 1890 aka wajabta wa kayan da ake shigarwa Amurka su ɗauki sunan ƙasar da aka yi su, saboda haka in ka ga Germany ko England ko Japan, ka cire masana'antun New York da Pennsylvania daga lissafi. In an rubuta Jamus ta Yamma, tsakanin 1949 da 1990 kake. Zamanin yana rage maka yawan kamfanonin da za ka zarga sosai: Schrade ta rufe masana'antarta ta Ellenville a 2004, Camillus a 2007, Queen ta garin Titusville a 2018, ita kuwa Great Eastern Cutlery sai 2006 aka kafa ta. Sunan Schrade da na Camillus wasu sun saye su bayan rufewar, don haka ganin sunan a sabuwar wuƙa ba ya nuna tsohuwar masana'antar.

Wasu sunayen ma maƙerinsu ya fi ɗaya. Remington da kanta take ƙera wuƙaƙenta a Bridgeport daga 1920 zuwa 1940, amma masu bajon harsashi da aka dawo da su a 1982, na farkonsu aikin Camillus ne. Winchester ɗin ƙarshen shekarun 1980 masu mariƙin ƙashi kuwa Queen ce ta yi su.

Mataki na biyu shi ne inda na sha ƙasa, kuma nan nake so ka zauna. Rufe wuƙar, ka manta da sunan, ka dubi ƙirar jikinta. Mai ba da kwangila yana iya zaɓar launin mariƙi da bajon da za a manna da rubutun da za a buga, amma da wuya ya biya kuɗin sabon injin yanka ƙarfe. Masana'anta tsohon zubinta take ɗaukowa. Tsawon wuƙa a rufe, lanƙwasar bayanta, wurin da kowace ƙusa ta zauna, duk na maƙerin ne. Auna tsawon da inci, kada ka ƙiyasta da ido, domin kashi ɗaya bisa takwas na inci yana raba kamfani da kamfani. Sannan ka kwantar da ita kusa da wadda ka tabbatar da asalinta, ka ga ko ƙusar tsakiya, wadda ta riƙe sifirin, ta faɗa wuri ɗaya.

Yanzu dubi hular ƙarfen da ke ƙarshen mariƙi, inda bakin yake juyawa. Yawancin kamfanoni ƙusa suke ratsawa ta cikin hular daga wannan gefe zuwa wancan, su daddale ta, su goge. Schrade kuwa, daga wajejen 1960, ta koma wani tsari da ake kira makullin Swinden a wuƙaƙenta da yawa: ƙusar tana maƙale ta ciki, ba ta fito ta jikin hular ba. Wannan ne ma ya shafi kamfanin wuƙa na Buck. Lokacin da suka fara sayar da lamba 301 a 1966, Schrade ce ke ƙera musu, amma da yake Buck na gyara wa masu saye wuƙarsu in ta lalace, kuma mai wannan tsari tana da wuyar kwancewa a sauya baki, bayan 'yan shekaru suka mayar da kwangilar wurin Camillus, kafin daga baya su riƙa yi da kansu.

Da na koyi wannan sai kaina ya kumbura. Na sayi wata mai baƙin mariƙi wurin wani mai tsofaffin kaya, na duba hula na ga sumul, na yanke hukunci Schrade ce, har na biya kuɗin da ya fi ƙarfinta. Wata uku tana hannuna. Ran nan da safe na huro mata numfashi zan goge, sai ga wani ɗan zagaye siriri kamar gashi ya fito a tsakiyar hular kafin tururin ya bushe. Ƙusa ce. Ƙarfenta iri ɗaya ne da na hular, kuma an goge ta da kyau har ta ɓace. Tun daga ranar dokata ita ce: huri hular, karkata ta a hasken taga, kada ka yi a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kuma ka duba gefe biyu. Hoton intanet ba ya nuna wannan, ko da mai sayarwa ya rantse. Kuma ka riƙe cewa ganin ƙusa bai kore Schrade ba, tunda tsofaffinta na kafin wancan lokaci duk masu ƙusa ne.

In ka ga mariƙin kamar gwangwani aka kifa, da 'yan kunnuwa da aka lanƙwasa a ƙarshe maimakon ƙusoshi, ka nufi garin Providence, wurin Imperial ko Colonial. Masu araha ne, yara aka fi saya wa.

Na uku, gurbin farce da sassaƙar ƙashi. Gurbin da ake sa farce a buɗe baki, wani dogo ne miƙaƙƙe, wani gajere kamar jinjirin wata, wani kuma da 'yan haƙora a ciki. Kwatanta shi da na wadda ka sani, har da nisansa daga tsini. Sassaƙar ƙashi kuwa ita ce sababbi suka fi so, ni kuma ita na fi raina. Gaskiya ne sassaƙar da ake kira Winterbottom, mai dogayen tsagogi, an fi saninta da Queen, mai kama da ƙwallon ɗan itacen fic (peach) kuma da Schrade. Amma kamfanin Rogers na Connecticut ya sayar wa masana'antu da yawa ƙashi sassaƙaƙƙe, sai ka ga zane ɗaya a wuƙar kamfani uku. Ka ɗauke ta shaida ta biyu kawai.

Maganar kuɗi: maimakon ka zuba dukiya a wuƙa ɗaya sabuwa fil, sayi gajiyayyu huɗu ko biyar masu sunan maƙerinsu, ko da bakin ya cinye. Su ne ma'auninka. In daga gida kake oda, haɗa su a aiko lokaci guda, don kuɗin aikowa kan fi kuɗin wuƙar.

Sauran ba su da wuya. Duba lambar da ke bayan baki. Ta kamfanin Case, misali 6318, tana nufin ƙashi sassaƙaƙƙe, baki uku, zubi na 18. Ta Great Eastern lambobi shida ce, biyun farko zubi, biyun ƙarshe shekara, kuma kamfanin ne ke ƙera wuƙaƙe masu suna Northwoods na baya-bayan nan. Lambar kanti irin ta Sears ba ta bin wannan tsari, kada ka wahalar da kanka. Nemo tsofaffin kundin kayan kamfanonin, da yawa an ɗora su a intanet, ka laluba zubin da ya dace da awonka.

Wani lokaci kuma za ka tsaya tsakanin suna biyu ka kasa gaba. Wani ɗan kasuwa mai suna Albert Baer ya mallaki Ulster a 1941, ya ƙara da Schrade a 1946, ya haɗe da Imperial, sannan Camillus ta shigo hannunsa a 1963, kuma masana'antun nan sun riƙa yi wa juna aiki. Irin wannan nakan rubuta sunayen biyu a 'yar takarda da fensir, in ɗaure mata da zare, in mayar da ita akwati.