Darasi na 9: Kek Mai Danƙo na Sitiroberi da Cuku

Kek ɗin da muka saba ci a biki da suna, ana gasa shi har cikinsa ya bushe. A soka tsinke, in ya fito fes, an gama. Na yau kuwa ana sauke shi ne tun tsakiyarsa na ɗan rawa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

Asalin wannan kek daga birnin St. Louis yake, a jihar Missouri ta Amurka, wajen shekarun 1930. Hawa biyu gare shi: na ƙasa mai ƙarfi, na sama mai laushi da danƙo. Sanya masa sitiroberi ƙari ne da masu girki suka yi daga baya. Sitiroberi ɗan itace ne ja, ƙarami, mai zaƙi da ɗan tsami, kuma yana son sanyi. Shi ya sa ake noma shi a Filato, musamman ƙauyen Chaha kusa da Vom. Lokacin hunturu ya fi yawa a kasuwa, kuma a lokacin ya fi araha.

Kayan haɗi

Da kofi ɗaya za ku auna komai, kada a canja kofi a tsakiyar aiki. Kofin awo yana cin mililita 240, wato kusan ƙaramin gwangwanin madara ɗaya da rabi.

Na hawan ƙasa: fulawa kofi 2, sukari kofi 1, bakin hoda ƙaramin cokali 2, gishiri ɗan kaɗan, narkakken bota rabin kofi, ƙwai 1.

Na hawan sama: cuku mai laushi giram 225, ƙwai 2, garin sukari kofi 3, filebo na banila ƙaramin cokali 1, sitiroberi yankakke kofi 1 da rabi.

Cukun da ake nufi shi ne kirim cis, fari mai laushi da ake shafa wa burodi. A manyan kantuna ake samunsa, kuma yana da tsada. In bai samu ba, kindirmo zai fitar da ku. Ku zuba kindirmo mai kauri kofi 3, wanda ba a sa wa sukari ba, a farin ƙyalle mai tsabta. Ku ɗora a kan rariya, ku tara kwano a ƙasa, ya kwana a firji. Da safe ruwan ya tsiyaye, abin da ya rage zai kai kusan kofi 1. Ku ƙara masa bota babban cokali 2, don bai kai na kanti maiƙo ba. Ya ɗan fi tsami, amma a ganina tsamin gyara ne, domin kek ɗin akwai zaƙi. Garin sukari ma ba sai an saya ba: a niƙa sukari a bilenda har ya yi laushi, a tankaɗe.

Aikin sitiroberi

Nan ne mutane da yawa ke ɓata kek ɗinsu. Sitiroberi kusan duk jikinsa ruwa ne. In aka zuba shi ɗanye da yawa, zafi zai fitar da ruwan, hawan sama ya tsinke ya ƙi kamawa. Don haka ku wanke shi, ku cire ganyen kansa, ku tsane shi da ƙyalle, sannan ku yanka. Ku raba gida biyu. Kashi ɗaya ku dafa a ƙaramar tukunya da sukari babban cokali 1, kuna juyawa, kamar minti 10, har ya yi kauri. Ku bar shi ya huce sarai. Ɗaya kashin ku barbaɗa masa fulawa cokali 1, ita za ta shanye ruwan.

Haɗawa

Ku shafa bota a tiren gashi mai tsawon santimita 33 da faɗin 23. Ku haɗa fulawa da sukari da bakin hoda da gishiri, ku zuba bota da ƙwai, ku cuɗa. Ƙullun zai yi tauri, haka ake so. In ya ƙi haɗuwa, madara cokali 2 ta isa. Ku danna shi da tafin hannu ya rufe gindin tiren.

Sai hawan sama. A fito da cukun daga firji tun da wuri ya saki jiki, in ba haka ba zai yi gudaji. Ku buga shi shi kaɗai har ya yi sumul, ku fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ku sa filebo, sannan garin sukari kaɗan-kaɗan. Kada a buga fiye da kima. Iska in ta yi yawa a ciki, kek zai kumbura a wuta, ya fito ya lotsa. Ku zuba a kan hawan ƙasa, ku ɗiga dafaffen sitiroberin nan da can, ku ja shi da bakin wuƙa, ku watsa ɗanyen a sama.

Gashi

Mai obin ya kunna shi tun kafin a fara haɗi, a kan zafi 175 a ma'aunin Salsiyas. Minti 35 zuwa 45 ake yi. Wanda ba shi da obin ya zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ya rufe, ta yi zafi minti 15 a kan gawayi ko gas. A ɗora tiren a kan ƙananan duwatsu ko gwangwanaye don kada gindi ya ƙone, a rufe, a rage wuta. In tiren bai shiga tukunyar ba, a raba haɗin a ƙananan kwanoni biyu, kuma a fara dubawa tun daga minti 25.

Yaya za a gane ya yi? Tsinke ba zai gaya muku gaskiya ba a nan, don ko ya nuna zai fito da danƙo. Ku dubi gefe: ya yi ja-ja, ya tsaya. Ku girgiza tiren a hankali. In tsakiya ta yi rawa kaɗan a dunƙule, a sauke. In tana malala kamar ruwa, ƙwan bai dahu ba, a ƙara minti 5 a sake dubawa.

Kada a yanka da zafi. Yana ƙarasa kamawa ne yayin da yake hucewa, sai a ba shi awa 2. Saboda cuku da ƙwai, a ajiye shi a firji, a cinye cikin kwana 3. Gidan da babu firji, ko wuta ba ta zama, a ci a ranar. Mai ciwon sukari ya yi hankali, ƙaramin yanka ma sukarinsa da yawa.

Aikin aji

1. Ku karanta da ƙarfi, sannan ku rubuta: fulawa, ƙwai, ƙyalle, danƙo, kindirmo.
2. Ƙwai nawa ake buƙata gaba ɗaya?
3. In za ku ninka haɗin, fulawa kofi nawa za ku auna?
4. An yanka kek layi 4 a faɗi, layi 6 a tsawo. Yanka nawa ke nan?
5. An sa kek a wuta da ƙarfe 4:10. Ƙarfe nawa zai cika minti 35?