Yadda Za Ka Gane Tsiryar Himalaya Mai Kan Toka

Idan ka hangi garken korayen tsuntsaye masu dogon wutsiya sun keto sama a dazukan Himalaya, kada ka tsaya kallon kai tukuna. Kalli ƙarshen wutsiya. Wannan shi ne abin da nake fara gaya wa duk wanda ke neman tsirya mai kan toka, wadda masana ke kira Psittacula himalayana. Bakin wutsiyarta rawaya ne fes, kuma ana ganinsa ko tana cikin gudu.

Dalilin da ya sa na nace a kan wutsiya shi ne akwai mai rikita mutane. Macen tsirya mai jan kai, wadda ke zaune a gindin waɗannan duwatsu, ita ma kanta toka-toka ne. Amma ƙarshen wutsiyarta fari ne, bakinta rawaya, kuma ba ta kai wannan girma ba. Tamu kuwa tsawonta ya kai kusan santimita 40, saman bakinta ja ne, ƙasan rawaya, kanta toka mai duhu, da baƙin layi a wuya. Idan ta sauka a reshe, sa madubin hangen nesa ka duba kafaɗar fiffike: namiji yana da ɗan tabo ja mai duhu a wurin. 'Ya'yan da ba su balaga ba kansu kore ne, don haka kada ka yanke hukunci da tsuntsu ɗaya, bi garken da ido har ka samu babba.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi burge ni. Wannan tsuntsuwa tana ƙaura, amma ba zuwa wata ƙasa ba, hawa da sauka take yi. Da zafi tana can sama cikin dazukan al'ul, har wajen mita 2,500, a yankin da take zaune, wanda ya faro daga gabashin Afganistan ya bi ta Pakistan, arewacin Indiya, Nepal da Bhutan. Sanyi na kankama wajen ƙarshen Oktoba, sai ta gangaro kwari. Wanda ya hau tsauni a watan Janairu nemanta, ya wuce ta a ƙasa.

Fita da sassafe, ka kasa kunne. Kukanta siriri ne mai kaifi, kuma galibi za ka ji shi kafin ka gan ta, domin korenta yana sajewa da ganye. Gonakin tuffa da na masara da ke bakin daji wuri ne mai kyau na jira, ko da yake manoman wurin ba sa murna da zuwanta.

Daga Maris zuwa Mayu take ƙwai, a kogon bishiya, sau da yawa ramin da maƙwaƙƙwafi ya bari. Idan ka ga tana shiga rami, don Allah ja da baya. Masu kama tsuntsaye don sayarwa suna lura da inda baƙi suka tsaya suna nuni, saboda haka ban taɓa faɗa wa kowa bishiyar da na ga sheƙa ba.